Wa Ya Tsare Gawo, Gardi ko Manomi?

'Yan'uwa talakawa! Wani mai karatu ya aiko mana da takarda, ransa a ɓace. Ya karanta wani labari mai yabon 'yan gandun daji na farko, na zamanin Nasara, wai ba don su ba da hamada ta cinye mu. Ya ce a garinsu ba a san gardin daji da shuka icce ba, da tara aka san shi. Mun goyi bayansa, za mu kuma ƙara.

Wa ya ɗora su a kanmu? Doka ce aka sa wa hannu a Faransa ran 4 ga Yuli 1935, ba a shawarci ko mai gari ɗaya ba. Dokar ta ce dajin da ba shi da mai shi na gwamnati ne. To, wane daji ne ba shi da mai shi? Wanda kakanninmu suka yi kiwo a ciki, suka sha zuma, suka ɗebi magani? Aka shata gandu, aka hana taɓa giginya da kaɗanya sai da takarda. Manomi ya sare reshe a gonar ubansa, gardi ya ƙwace gatari, ya ci shi tara ko ya ci kazarsa.

Ku duba abin da wannan ya haifar. Da icce ya zama abin jawo gardi, sai manomi ya riƙa tumɓuke shi tun yana toho, kada ya girma ya zame masa masifa. Wanda aka ce ya zo tsaron icce, shi ya raba mu da shi! Alhali tun kafin Nasara ya taka ƙasar nan, ana ba da labarin yadda Sarkin Damagaram Tanimu ya hana saran gawo. Mun san gawo na zubar da ganye da damina, gero ya yi kyau a gindinsa. Ba a Dakar muka koya ba.

Kada kuma a ɗora wa Nasara duka. An sami mulkin kai a 1960, amma dokar daji ta 1974 ta bi sawun tsohuwar. Kunya ce.

Yaushe icce ya dawo? Bayan yunwar 1984, da aka sassauta wa manoma, suka kama sassaben zamani a ƙasar Maraɗi, suna barin toho a kututture suna gyara shi. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a gonakin kudancin Nijar. Lauje da gatarin talaka suka yi wannan aiki.

Mai wancan labari ya zo kasuwar Tasawa ko ta Matamai, ya zauna da tsofaffi, ya tambaye su gatari nawa aka ƙwace musu.