Kwangilar ciyar da fursunoni: me ya kamata takardar neman tayi ta ƙunsa?

Tun watan Maris na 2023, lokacin da shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan gyaran tsarin mulkin Najeriya, jihohi suka sami ikon kafa gidajen yarinsu. Kafin nan gwamnatin tarayya ce kaɗai ke riƙe da su, tun bayan da ta karɓe na En'e a 1968.

A jiha irin Zamfara, inda mutumin Abare ko Bukkuyum kan iya shafe watanni a tsare a Gusau yana jiran shari'a, tambayar da ke biyo bayan gini ita ce wa zai ciyar da shi, kuma bisa wane sharaɗi.

Dama 'yan kwangila ne ke kai abinci gidajen yarin tarayya. A watan Disamban 2023 shugaban hukumar na lokacin, Haliru Nababa, ya shaida wa 'yan majalisa cewa naira 750 ake kashewa kan kowane fursuna a rana, karnukan hukumar kuwa naira 800. A 2024 aka ƙara kuɗin zuwa naira 1,125, kuma a cikinsa ne ɗan kwangila ke fitar da haraji da ribarsa.

Dokar ba da kwangila ta 2007 ta tanadi a yi gasa a fili. To sai dai idan takardar neman tayi ta ce "abinci sau uku" kawai, wanda ya fi araha ne zai yi nasara, giɓin kuwa a kwanon fursuna zai fito. Kamata ya yi a rubuta nauyin garin tuwo da wake da mai na kowane mutum, da wanda zai auna, da tarar da za a ci idan an rage. Haka kuma a faɗi yadda za a sake farashi in hatsi ya yi tsada, da wa'adin biyan ɗan kwangila, domin wanda ke bin gwamnati bashi ba ya cika mudu.

Sai batun ƙwace kwangilar. A 2018 Birtaniya ta karɓe gidan yarin Birmingham daga kamfanin G4S bayan masu bincike sun tarar da shi cikin mummunan hali. Tana da ma'aikatan da ta tura nan take, abin da jihar da ke fara kafa nata gidan yarin za ta buƙaci tanada tun kafin ta tallata kwangilar.