Kada Mu Raina Gansakuka

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, duk mai bi ta bakin Kubanni ya san gansakuka. A ganina raina ta kuskure ne, domin gari guda ce ta ƙananan halittu. Wasu kan jawo naitirojin daga iska ya zama taki, wasu su ruɓar da matattun ganyaye. Yawancinsu ba sa tsirowa a ɗakin gwaji, shi ya sa masana kan karanta ƙwayoyin gadonsu don su san waye ke wane aiki. Da irin wannan karatu Carl Woese ya gano sabon rukunin halittu a Amurka a 1977.

To, ga Jami'ar Ahmadu Bello a ƙofar gidanmu. Mu daina zuba shara a Kubanni, mu dage da kimiyya, gobe mu binciki namu da kanmu.