Ina Tsofaffin Wuraren Cin Abincinmu a Gombe?

Yau batun ciki za mu taɓa, amma ba girki zan koyar ba.

Duk wanda ya taɓa zama a yammacin Jamus ya san tsohon garin Dusseldorf, wanda suke kira Altstadt, a bakin kogin Rhine. Ɗan yanki ne da za ka zagaye da ƙafa ba ka gaji ba, amma cike yake maƙil da gidajen abinci da na giya, har su da kansu suna yi masa kirari da kantar mashaya mafi tsawo a duniya. Ni dai ba na shan giya, kuma ba tallarta na zo yi ba, kada wani ya ce ɗan'uwa ya dawo daga Turai da sabon salo. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shekarun gidajen nan. Füchschen tun 1848 yake, Schlüssel tun 1850, Uerige kuwa tun 1862. An yi wa birnin ruwan bama-bamai a yaƙin duniya na biyu, aka sake gini, kuma har yau sunayen nan suna nan a titunansu. Jika yana kai baƙonsa inda kakansa ya zauna.

To mai karatu, yi lissafi da ni. Sai a 1919 aka dawo da hedikwatar masarautar Gombe nan Doma, bayan Gombe Abba da Nafada. Jirgin ƙasa ya iso a 1963, jiha kuma muka samu a 1996. Wato Uerige ya girmi zaman fada a garin nan da shekara 57. Garinmu yaro ne, amma duk da ƙuruciyarsa, wurin cin abinci nawa za ka nuna mini ka ce nan kakana ya ci, kuma har yau ana sayarwa da sunan da ya sani?

Ba wai ba mu da abin nunawa ba ne. Mu da ke Arawa, idan baƙo ya zo, ba mu rasa inda za mu kai shi a cikin gari. Da sassafe akwai mai masa, tanda kan wuta, tana juyawa tana ɗiga mai, ka zaɓa ko da miyar taushe ko da yaji da ƙuli-ƙuli, kuma a ganina masar da aka ciro daga tanda yanzun nan ba a haɗa ta da wadda ta kwana a kula, komai kyan gidan abincin. Da rana sai fura da nono wajen matan Fulani, kindirmo mai kauri, a dama maka a gabanka. In ka ce mata kosam maimakon nono, wataƙila ka samu gyara. Da yamma tukuba ta ɗauki hayaƙi, tsire da balangu, ga masu gasa kifin da ake kawowa daga Dadin Kowa. (Masu burkutu sun san hanyar gidajensu, wannan ba layina ba ne.) Ka bi ta wajen Tsohuwar Kasuwa, ko Tashar Dukku, ko lungunan Jekadafari da Bolari da Herwagana, hancinka ma ya ishe ka jagora.

Amma sarkinsu duka shi ne teburin mai shayi. A gidajen can na Dusseldorf, mai kawo abin sha yana ja maka layi da fensir a ɗan kwalin da ake ɗora kofi, sai za ka tashi a ƙirga. Mai shayinmu ya wuce nan, don shi littafin bashi gare shi, kuma ba tashi yake jira ba, ƙarshen wata yake jira. Ya san wanda ke son kakkaura, ya san wanda likita ya hana sukari, ya san ma'aikacin da albashinsa ya makara. A bencinsa direba da malamin jami'a da ɗan acaba ke zama kafaɗa da kafaɗa, a nan ake kafa gwamnati a rushe ta kafin a gama soya ƙwai. Lokacin da bama-bamai suka tashi a Tashar Dukku a Disambar 2014 da babbar kasuwa a Yulin 2015, zaman dare ya yi sanyi a garin nan, kuma alamar farko da ta nuna mini hankali ya fara kwanciya ita ce ganin benci ya sake cika. A farkon 2023 da takardun kuɗi suka ɓace daga hannun mutane, littafin nan na mai shayi ya rufa wa da yawa asiri.

To me ya sa irin waɗannan wurare ba sa tsufa a wajenmu? Ni a ganina ba daɗin abinci ba ne matsalar. Matsalar ita ce ba su da ƙasa. Mai shayi ba shi da takarda, teburinsa a gefen hanya yake ko jikin katangar wani. Ranar da za a faɗaɗa titi, ko mai katanga ya so gina shaguna, sai ya ɗauki tukunyarsa ya yi gaba, abokan cinikin shekara ashirin su watse. Na san wani mai tsire da ya canja wuri sau uku cikin 'yan shekaru, a na ukun ya haƙura ya koma ƙauye noma. Sannan wurin ba shi da suna sai na mai shi, to ranar da Allah Ya karɓi abinsa, shi ke nan. 'Ya'yan kuma mun sa musu a kai cewa wanda ya yi boko ba ya tsayawa gaban tukuba. Sai ka ga mai digiri yana yawo da takardu ofis-ofis, alhali sana'ar da ta biya masa kuɗin makaranta tana mutuwa a ƙofar gidansu.

Na san abin da wasu za su ce: ƙazanta. Gaskiya ne, kuma ba zan kare ta ba. Ruwa ɗaya a roba ana wanke kofi hamsin, tsire a tsohuwar jarida, ƙuda na shawagi kan nama. Amma wa zai kashe kuɗi ya ja famfo ko ya yi daɓen siminti a wurin da gobe za a iya cewa ya tashi? Ba shi tabbacin zama tukuna, sannan ka tura masa duba-gari. Sabbin gidajen abinci masu ƙofar gilashi da na'urar sanyaya ɗaki da ke ta buɗewa a garin nan, madalla da su, ni ma nakan kai iyali. Sai dai a can kowa da teburinsa, kowa kansa a waya, kuma ba mai ba ka bashi.

Abin da nake roƙon masu tsara birni da ƙaramar hukuma ba shi da yawa. Duk sa'ad da za a yi sabon titi ko a gyara tasha ko kasuwa, a ware 'yan rumfuna masu famfo da magudana a daidai inda mutanen suke, ba can bayan gari ba inda ba mai bi. A ba su takardar haya ta shekaru wadda ɗa ko 'ya za su iya gada. Masu unguwa sun san wanda ya fi daɗewa a kowane layi, da su za a fara tambaya. Su kuma masu sana'ar su rubuta suna a allo su kafa, ko da na katako ne, da shekarar da aka fara a ƙasansa.