Rufin Kumfa: A Hau A Duba Kafin Ruwan Fari

Yau zancenmu na masu shago ne ko sito da aka fesa wa kumfa a saman rufi, don maganin zafi da yoyo.

Abu na farko, kumfar nan ba ta jure rana. Fentin da aka shafa a kanta, silikon ko akirilik, shi ne rigarta. Inda fentin ya goge, kumfar kan yi ɗorawa-ɗorawa, ta koma gari, ruwa ya samu hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ni kaina na ɗanɗana. Mai ɗaura mini sola ya ja ƙarfe a kan rufin sito, ya bar tsaga da ba ta kai tsawon yatsa ba. Ban hau na duba ba. Damina na sauka, sai ga bandiran atamfa uku sun jiƙe sharkaf.

Saboda haka, Alhaji, a hau rufi sau 2 a shekara: bayan hunturu, kafin ruwan fari, sannan bayan damina. In an yi iska mai ƙarfi, a ƙara hawa.

A share ƙura da ganyaye da tsintsiya mai laushi, a buɗe indararo, kada ruwa ya kwanta. A wanke da ruwa da ɗan omo da buroshi mai laushi. Injin wankin mota, in an matsa ƙarfinsa, sai ya ɓare fentin. Fetur da tina kuwa, kada su kusanci wurin. A kula, jiƙaƙƙen silikon santsi gare shi; a sa takalmin roba, kuma kada a tura yara.

In an ga rami, ko inda tsuntsu ya tsattsaga, a yanke kumfar da ta jiƙe, a bari wurin ya bushe, a cike da abin liƙi irin fentin da ke kai. Akirilik ba ya kama silikon. Kwalta kuma ba maganinsa ba ce.

Yawanci bayan shekara 10 zuwa 15 ake sake fenti. Mai haya, ka tambayi mai gida yaushe aka yi na ƙarshe, kuma wa zai biya na gaba, tun kafin ka zuba kaya.

Allah ya tsare mana dukiyarmu. Sai mako mai zuwa.