Harshe Uku A Baki Ɗaya: Ruɗanin Umarnin rsyslog

Sanin kowa ne cewa ƙa'idar nahawu ba ta da amfani sai in duk wanda ya karanta jimla zai fahimci abu guda daga gare ta. Wannan hukunci bai tsaya ga harsunan 'yan Adam ba, ya shafi har ƙananan harsunan da ake ba kwamfuta umarni da su. Misalin da zan kawo shi ne manhajar rsyslog.

Aikin wannan manhaja shi ne riƙe rajista, wato rubuta wanda ya shiga na'ura, da lokacin da ya shiga, da abin da ya lalace. Eric Allman ne ya ƙirƙiro asalin tsarin, wato syslog, a Amurka cikin shekarun 1980, sannan Rainer Gerhards na Jamus ya fara rsyslog a 2004. A yau tana karɓar umarni da salo uku: na farko wanda ta gada daga syslog, na biyu wanda layukansa ke farawa da alamar $, na uku kuwa shi ne RainerScript. Kuma ana iya cakuɗa su duka a fayil ɗaya.

Alal misali, saƙonnin rajista suna da matakan tsanani takwas, daga 0 zuwa 7. Wanda ya ga an rubuta mail.info zai zaci matakin info kaɗai ake nufi, alhali kuwa ma'anarsa wannan mataki da duk waɗanda suka fi shi tsanani. In shi kaɗai ake so, sai an rubuta mail.=info. Haka nan alamar @ guda ɗaya tana aika saƙo zuwa wata na'ura ta hanyar UDP, wadda ba ta tabbatar da isarsa, amma @@ tana aikawa ta TCP. Bugu da ƙari, a salo na biyu wasu umarnai layin aiki na gaba kawai suke shafa, wasu kuma su zarce, saboda haka sauya wa layi wuri kan sauya ma'anarsa ba tare da wani gargaɗi ba.

Illar ita ce kuskuren ba ya bayyana sai ranar da ɓarawo ya kutsa cikin na'ura, aka je neman shaida aka tarar babu. Umarnin rsyslogd -N1 yana duba ko an karya ƙa'idar rubutu, amma bai san nufin marubuci ba.

Littafin jagorar manhajar ya yarda cewa salo na biyu ya tsufa, ya kuma hori mutane su bar shi. Amma ɗimbin misalan da mai koyo ke tsinta a intanet da shi aka rubuta su. Har sunayen salon ma an sauya, ga na da ga na yanzu.

Wani zai ce soke tsohon salo zai lalata dubban na'urorin da suka dogara da shi. Gaskiya ne, kuma ba sokewa nake kira a yi ba. Ra'ayina shi ne a koyar da sabon shiga salo ɗaya tak, a ware tsofaffin a babi na daban tare da jadawalin da ke nuna kwatankwacin kowane umarni a sabon salo, sannan a bayyana ma'anar kowace alama a wurin da ta fara fitowa. Rubuta littafin jagora aikin harshe ne, ya kamata masu manhaja su riƙa jawo masana harshe a cikinsa.