Zauren Na'ura: In kwamfuta ta zama bebiya bayan wanki



Daga cikin koke-koken da aka fi ji a ma'aikatu da kantuna, tun daga Yamai har Damagaram, akwai wannan: kwamfuta ta yi nauyi ko cuta ta kama ta, an kai ta wurin mai gyara, ya wanke ta, wato abin da ake kira formatage, ya zuba mata sabon Windows. An dawo da ita tana gudu kamar sabuwa, amma ta zama bebiya. Alamar lasifikar da ke kusa da agogo tana ɗauke da jan tambari, in an taɓa ta sai ta ce: « Aucun périphérique de sortie audio n'est installé ». Ma'aikacin da ke da taro ta intanet da shugabanninsa ya rasa abin yi, ɗan kasuwar da ke sauraron saƙon murya na abokan cinikinsa ya koma ga wayarsa. In aka sake komawa wurin gyara, sau da yawa amsar guda ce: katin sauti ya ƙone, a kawo kuɗin wani. To, kafin mutum ya sa hannu aljihu, ya kamata ya san cewa galibi babu abin da ya ƙone. Direba ne ya ɓata.

Kowane ƙarfe da ke cikin kwamfuta, na sauti, na hoto, na intanet, yana da ɗan ƙaramin shiri da ke yi masa tafinta tsakaninsa da Windows. Faransawa na kiran shi pilote, mu kuwa sai mu ce direba, kuma sunan ya dace, domin mota ko sabuwa ce ba ta motsi in babu mai tuƙa ta. Wanki yana share duk abin da ke cikin faifai, har da direbobin da kamfani ya zuba tun farko. Sabon Windows yana zuwa da nasa masu yawa, amma bai san kowane ƙarfe ba. Matsalar ta fi tsanani a wajenmu saboda akasarin kwamfutocinmu na hannu ne, sun yi aiki a Turai ko Amurka kafin su iso, ba takarda, ba faifan direba, wani lokaci ma an sauya musu kayan ciki. Ga kuma wasu masu gyara da ke aiki da kwafin Windows da aka datse, aka cire masa abubuwa don ya yi sauƙi.

Abin farin ciki shi ne kowane ƙarfe yana ɗauke da lambarsa, kuma yana faɗin ta ko da babu direba. Ku tuna da tsohon tsarin lambobin motocinmu: da an ga 4 a farko an san ta Maraɗi ce, 5 ta Tawa, 7 ta Damagaram, 8 ta Yamai. Haka abin yake a nan.

Ga yadda ake karanta ta. A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta devmgmt.msc, a danna OK. Tagar da za ta buɗe ita ce Gestionnaire de périphériques, wato rajistar dukan ƙarafan na'urar. A duba inda aka rubuta Autres périphériques: duk wanda ke da alamar rawaya, shi ne marar direba. Wani za a ga an kira shi Périphérique inconnu, wani Contrôleur audio multimédia. A danna shi sau biyu, a shiga Détails, a zaɓi Numéros d'identification du matériel. Sai wani dogon layi ya fito, kamar wannan:

HDAUDIO\FUNC_01&VEN_10EC&DEV_0662

Kada tsawonsa ya ba kowa tsoro. Wuri biyu ne ke da amfani. Haruffa 4 da ke bayan VEN suna nuna kamfanin da ya ƙera, 4 da ke bayan DEV suna nuna samfurin. A misalin nan, 10EC lambar kamfanin Realtek ce, 0662 kuwa ƙwayar sautinsa ce mai suna ALC662, wadda ke cikin kwamfutocin tebur da dama. Da 0269 ce, da ALC269 ke nan, wadda ta fi yawa a kwamfutocin tafi-da-gidanka. Sauran lambobin da ya kamata a rubuta a ajiye: 8086 Intel, 10DE Nvidia, 1002 da 1022 AMD, 14F1 Conexant, 111D IDT, 11D4 Analog Devices, masu SoundMAX, 14E4 Broadcom, 168C Atheros. In ƙarfen na USB ne, kamar kyamara ko Bluetooth, maimakon VEN da DEV za a ga VID da PID, amma karatun guda ne. Wanda ya ci karo da lambar da bai sani ba, ya kwafi layin ya nema a intanet. Akwai rajistar lambobin a buɗe ga kowa. Matambayi ba ya ɓata.

Akwai wuri na uku da mutane ke tsallakewa, wato SUBSYS, wanda ke biyo baya a layin farko. Shi ne ke nuna kamfanin da ya harhaɗa kwamfutar gaba ɗaya: in an ga 103C a cikinsa HP ce, 1028 Dell, 17AA Lenovo. Muhimmancinsa shi ne, ƙwayar sauti guda tana iya shiga kwamfutoci iri-iri, amma kowane kamfani da yadda ya ɗaura mata wayoyin lasifika, makirufo da ramin abin kunne. Shi ya sa wani direban yake shiga lafiya lau, alamar rawaya ta ɓace, amma sauti ya fito ta abin kunne kawai, ko makirufo ya ƙi ɗauka.

Saboda haka, gidan farko da za a ƙwanƙwasa shi ne shafin kamfanin da ya yi kwamfutar. A juya ta a duba takardar da ke manne a ƙasa ko a bayanta: Dell na da Service Tag mai haruffa da lambobi 7, HP da Lenovo suna da lambar serie. In takardar ta goge, a rubuta msinfo32 a tagar nan ta Windows da R, sunan samfurin zai fito. A zaɓi direban da ya dace da Windows ɗin da aka zuba, a kuma lura ko mai 32 ne ko mai 64, domin na wannan ba ya aiki a wancan. Gida na biyu shi ne Windows Update. Na uku shi ne shafin maƙerin ƙwayar. In kuwa har direban intanet ɗin ma ya ɓata, a haɗa wayar Android da waya ta USB a kunna partage de connexion, ko a sauke direban a wata na'ura a ɗauko shi a kile USB.

Jeri ma yana da muhimmanci: a fara da direban chipset, a kashe a kunna, sannan na sauti. Dalili na da tarihi. A 1997 Intel ya fito da tsarin sauti na AC'97, a 2004 ya maye gurbinsa da High Definition Audio. Windows XP ya riga wannan tsari fitowa, don haka mai SP2 sai an fara zuba masa facin KB888111 kafin ya ga ƙwayar sautin ma. Kwamfutocin tafi-da-gidanka na baya-bayan nan su ma suna da irin wannan ƙofa, mai suna Intel Smart Sound Technology. In direbanta bai shiga ba, na Realtek ba zai yi magana ba.

Gargaɗi: intanet cike yake da shafuffukan da ke alkawarin gyara dukan direbobi da dannawa guda. Da yawansu talla suke cusawa, wasu su nemi kuɗi, wasu su shigo da cutar da aka yi wankin dominta. Garin neman gira kada a rasa ido, balle a kwamfutar da ke ɗauke da lissafin kanti ko takardun gwamnati.

In an bi duk wannan babu sauti, a duba ko an kashe shi a BIOS. Sai bayan nan ne za a zargi ƙarfe. Ko ya tabbata ya mutu, ba dole ba ne a fasa cikin kwamfuta: akwai ɗan katin sauti na USB, bai fi yatsa ba, mai araha, wanda Windows ke ganewa da kansa.

Amma rigakafi ya fi magani. A Windows 10 da 11, kafin wanki, a sa kile USB, a buɗe dosiye a cikinta mai suna pilotes, a buɗe Invite de commandes da izinin administrateur, a rubuta:

pnputil /export-driver * E:\pilotes

Harafin E shi ne na kile ɗin. In naku dabam ne, ku sauya. Cikin ƴan mintoci direbobin za su kwafu. Bayan wanki, a danna ƙarfen mai alamar rawaya, a zaɓi Mettre à jour le pilote, a nuna masa wannan dosiye. Ba a kashe ko mega guda ba.

Ga shugabannin ma'aikatu kuma, a riƙe wannan: kamfanin Microsoft ya daina kula da XP a watan Afrilu na 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 na gama-gari a Oktoban 2025. Wanda ya sa aka zuba wa sabuwar na'ura Windows 7 don kawai ya saba da shi, yana iya rasa direbanta kwata-kwata, domin ba a taɓa rubuta shi ba.

Masu gyara nagari suna nan, kuma sun cancanci haƙƙinsu. Sai dai ciniki ya fi daɗi in kowa ya san abin da ya saya. Kafin ku ba da kwamfuta, ku ce a kwafe direbobi. Kafin ku biya, ku sa a buɗe Gestionnaire de périphériques a gabanku: babu alamar rawaya, lasifika ta yi magana, makirufo ya ɗauka, sannan kuɗi su fito.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.