Kaza ba kora take so ba, sabo take so

Ɗan'uwa mai karatu, in magariba ta yi, leƙa gidan maƙwabta. Za ka ga yara da sanda suna bin ƴan kaji. Wata ta shige ƙarƙashin rumbu, wata ta tsallake danga, wata ta hau icce. Uwargida ta gaji, ta ce a ƙyale su. Da safe a ƙidaya, a tarar babu ɗaya.

Ni a ganina, laifin ba na kaza ba ne. Namu ne.

Nan ƙasar Magarya da Dungas, kaza ita ce asusun gida. Ita ke sayen magani in yaro ya kwanta. Ita ke fid da mu kunya in baƙo ya sauka. Kaza tana kwanci kwana 21 kafin ta ƙyanƙyashe. Mu raba ƴan tsakin da shirwa da rana, sannan mu bar wa muzuru sauran da dare? Wannan ai asara ce.

Ga yadda ake sabar da su. Sabuwar kaza, ko ƴan kajin da uwa ta saki, a rufe su a akurki kwana uku zuwa mako guda. A ba su tsaki da dusa da gara, da ruwa mai tsabta a kasko. Nan za su gane cewa wurin nan shi ne gida.

Bayan an sake su, kada a cika musu ciki da rana. A ajiye tsakin sai rana ta kusa faɗuwa. Mutum ɗaya ya riƙa ba su, da kira iri ɗaya, a bakin akurki. Ka tsuguna, kada ka tsaya a kansu. Yau ka zuba a ƙofa, gobe ka zuba a ciki. Kada ka jira duhu, don kaza ba ta gani sosai da dare. Wadda ta ƙi shiga, ka bari ta kwanta, ka ɗauke ta a hankali ka saka ta. Kwana kaɗan za ta bi sauran.

In sun ƙi akurki duk da haka, to duba cikinsa. Wataƙila ƙuma ce, ko zafi, ko ƙazanta. A share kashin a kai gona, a zuba toka, a bar kafar iska.

Wani zai ce: "Kakanninmu ba su sha wannan wahala ba." Gaskiya ne. Amma mu tuna da shekarar 2006. A watan Fabrairu aka tabbatar da murar tsuntsaye a Nijar karo na farko, kuma a Magarya ne, a jikin agwagi. Wanda ke rufe kajinsa kullum, shi ke fara ganin wadda ta yi sanyi, ya ware ta, ya gaya wa ma'aikatan kiwo. Haka nan ranar allurar rigakafin annobar kaji da ke zuwa da hunturu: ta akurki ake kamawa, ta kan icce sai kallo.

Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka. To, ai rashin sabo ma ba ya hanawa, sai dai muzuru ne zai ci naman.

Yau da marece, karɓe sandan daga hannun yaro, ka ba shi ƙoƙon tsaki.